Yadda iska ke kifar da jirgin yaƙi yana ganin gida

Wani ɗalibin injiniya a Samaru, ɗan abokina da muka yi firamare tare a Tudun Wada, ya turo mini tambaya bayan ya karanta labarin wani jirgin sojan ruwan Ingila mai suna Eurydice. Ya ce: "Baba, jirgin da aka ƙera don ya jure harbin igwa, ya ƙetare tekun Atilantika lafiya, ta yaya iska za ta kifar da shi cikin 'yan mintoci yana ganin gida? Laifin jirgin ne ko na kyaftin? Kuma me ya sa ƙananan jiragen yaƙi masu tafiya da iska suka fi ɓacewa?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan tambaya. Na yi shekaru ina aikin sojan ruwa kafin in dawo gida Zariya, kuma labarin wannan jirgi yana cikin waɗanda ba sa barin zuciyata, domin yawancin waɗanda suka mutu a cikinsa sa'o'inka ne. Abin da zan fara cire maka daga kai shi ne tunanin cewa sai gagarumar guguwa ta kwana da kwanaki ke cinye jirgi. Irin wannan guguwa tana aiko da saƙo tun daga nesa, a naɗe filafilai, wato ƙyallayen da ke kama iska su tura jirgi, a rufe ƙofofi, a ɗaure komai, a jira ta. Wadda ta fi kisa ita ce gajeruwa, mai zuwa ba sallama, ta tarar da jirgi ya baza duk kayansa kuma tagoginsa a buɗe. Kai ma ka san ta, ita ce iskar da ke gaban hadari a farkon damina.

Bari in fara da ranar kanta. An ƙera Eurydice da katako a Portsmouth a 1843, mai ɗaukar igwa 26, tsawonsa kamar mita 43. A ma'aunin jiragen yaƙin zamaninsa ƙarami ne, an yi shi don gudu da shiga ruwa marar zurfi. Da ya tsufa, a 1877 aka mai da shi makarantar horar da matasan sojan ruwa, aka tura shi yankin Karibiyan. Ya baro Bamuda ranar 6 ga Maris 1878, da mutum sama da 300 a ciki, a ƙarƙashin Kyaftin Marcus Hare. Kwana 18 ya yi a hanya. Ranar Lahadi 24 ga Maris, wajen la'asar, mutanen da ke gaɓar tsibirin Wight na kudancin Ingila suka gan shi yana wucewa da filafilansa duka a buɗe, rana na haskawa, saura tafiyar awa ɗaya zuwa biyu ya sauke anga. Ka ƙaddara matasan da suka yi wata huɗu ba su ga iyayensu ba, ga ƙasa suna kallo.

Tsibirin yana da tuddai masu tsawo a wannan ɓangaren, kuma jirgin yana tafiya ne a ƙarƙashinsu. Bayan tuddan, daga arewa maso yamma, baƙin hadari ya taso da dusar ƙanƙara, tudu ya ɓoye shi sai da ya iso kansu. Kyaftin ya ba da umarnin a rage filafilai, amma lokaci ya riga ya ƙure. Jirgin ya kwanta a gefe, ruwa ya kwararo ta tagogin igwa da aka bari a buɗe don shan iska, ya cika, ya nutse. Da hadarin ya wuce, rana ta sake fitowa, ba abin da ake gani sai kawunan jigoginsa, wato dogayen sandunan da ake rataya filafilai a jikinsu, a saman ruwa. Wani ƙaramin jirgin 'yan kasuwa mai suna Emma ya tsamo 'yan kaɗan, amma biyu kaɗai suka rayu, Benjamin Cuddeford da Sydney Fletcher. Winston Churchill, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya, yana yaro ɗan shekara uku yana garin Ventnor a tsibirin a lokacin, kuma har ya girma bai manta da abin ba.

To, ta yaya? Bahaushe ya gama bayanin rabin farko da ya ce iska na wahalar da mai kayan kara. Filafili, wato faffaɗan ƙyallen da ake ratayawa a jikin jigo don ya kama iska, kayan kara ne da jirgi ya ɗora a kansa da gangan. Kai ɗalibin injiniya ne, lissafin ba zai ba ka wuya ba. Ƙarfin da iska ke danna abu da shi ba ya hawa daidai da gudunta. In gudun ya ninka biyu, dannawar ta ninka huɗu, in ya ninka uku, ta ninka tara. Iska mai gudun kilomita 36 a awa tana danna kowace murabba'in mita da nauyin da ya kai kamar kilo 6. In ta koma kilomita 90 a awa, abin ya zama kamar kilo 38. Ɗauki misalin jirgin da ya baza ƙyalle murabba'in mita 1,000. Da farko tan 6 ke tura shi, yana tafiyarsa cikin jin daɗi. Bayan rabin minti tan 38 ne, ya fi lodin tirelar siminti guda, kuma ba a ƙasa aka ɗora ba, can sama ne, mita goma sha wani abu daga fuskar ruwa, ana tura shi ta gefe. Ka tuna yadda iskar Mayu ke yaye kwanon gida sukutum a Sabon Gari ta kai shi layin baya. Kwano ne kawai, ba a ma yi shi don kama iska ba.

Rabi na biyu shi ne yadda jirgi ke tashi in ya karkata, kuma nan nake so ka natsu. Ƙarfi biyu ne ke aiki. Nauyin jirgin yana jan sa ƙasa daga wani wuri guda da muke kira cibiyar nauyi, shi ya sa ake jibge ƙarafa ko duwatsu a can gindinsa don cibiyar ta sauka. Ruwa kuma yana tura shi sama daga tsakiyar sashen da ke nutse. In jirgi ya karkata dama, ɓangaren dama ya ƙara nutsewa, turawar ruwa ta koma dama, sai ƙarfin biyu su murɗa shi ya miƙe. Gwargwadon karkatarsa, gwargwadon ƙarfin da ke tayar da shi, amma zuwa wani iyaka. Da zarar bakin daɓen sama, wato shimfiɗar saman jirgi da ake takawa, ya shiga ruwa, babu sauran sabon jiki da zai nutse ya taimaka, ƙarfin tayarwar ya fara raguwa, har a kai kusurwar da babu shi sam. Daga nan sai kifewa. Ingila ta koyi wannan darasi da tsada shekara takwas kafin Eurydice, da jirgin Captain ya kife a Satumbar 1870 a gaɓar Sifen da mutum kusan 470. Sabon jirgin ƙarfe ne, amma bakinsa ya yi kusa da ruwa ainun, ga manyan jigogi a kai.

Sai dai jirgi irin Eurydice ba ya ma buƙatar kai wa wannan kusurwa in tagoginsa a buɗe suke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tagogin igwa layi ne na ramuka masu faɗi a gefen jirgi, ba su da nisa sosai da ruwa. In an rufe su, jirgi zai iya kwanciya ya tashi. In a buɗe suke, kusurwar da suka taɓa ruwa ita ce ƙarshen lissafi, duk ƙarfin da ya rage masa a takarda ya zama banza. Kuma ruwan da ya shiga ba nauyi kawai yake ƙarawa ba. Tambayi direban tankar ruwa, zai gaya maka tanka cike ta fi rabi daɗin tuƙi, domin ta rabi in ya sha kwana ruwan duka yana gudu gefe guda. Ko ka dubi bambancin ɗaukar jarka rufaffiya da ɗaukar faffaɗan daro a ka. Ruwan da ya bazu a faɗin daɓen jirgi yana gangarawa ne ɓangaren da ya riga ya yi ƙasa, ya ƙara danne shi, tagogi su ƙara nutsewa, wani ruwan ya ƙara shiga. Wannan tsohon ciwo ne. Haka jirgin Mary Rose na Ingila ya nutse a 1545, haka jirgin Vasa na Suwidin ya nutse a 1628 a cikin tashar Stockholm, bai yi tafiyar kilomita biyu ba, da iskar da ba ta taka kara ta karya ba.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Jirgi mai filafilai yana da kariya ta halitta, in iska tana bugowa a kwance: yana karkata, ƙyallen yana kwantawa, iskar tana zamewa ta sama, dannawar na raguwa. Amma iskar da ke fitowa daga cikin hadari ba kullum a kwance take zuwa ba. Sanyayyar iska ce mai nauyi da ke faɗowa daga cikin girgije kamar an tuntsurar da bokiti, ta bugi ƙasa ta watsu. In jirgi yana ƙarƙashinta, karkatarsa ba ta kuɓutar da shi, sai ma ta ƙara miƙa mata fuskar ƙyallen. Malaman Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da ke nan Zariya sun san wannan iska sarai, domin ita ce abar tsoron matuƙi lokacin sauka da tashi.

Za ka ce, me ya hana su sauke ƙyallen da sauri? A ƙaramin kwale-kwale mai filafili ɗaya abu ne mai sauƙi. Lokacin da ake koya mana tuƙa irinsa a ruwan Legas, abin da malaminmu ya fi nanatawa shi ne kada ka kuskura ka ɗaure igiyar filafili, riƙe ta a hannu, in iska ta bugo ka sake ta, ƙyallen ya yi ta kaɗawa a banza. Na ga abokin horona ya ɗaure tasa don hannunsa ya gaji, iska ɗaya ta zo, kafin ya kai hannu ga ƙullin yana cikin ruwa. Allah ya sa ruwan da ɗumi kuma muna kusa. Yanzu ka ninka wannan. Jirgi mai jigo uku yana da filafilai da yawa, hawa bisa hawa, kowanne da igiyoyinsa, kowace igiya da mutanen da za su ja ta. Naɗe na sama sai mutane sun hau sun bi sandar da ƙyallen ke rataye suna tattara shi da hannu. Ko ƙwararru suna buƙatar mintoci. In jirgi ya riga ya kwanta, sandunan da ya kamata su zamo ƙasa da nauyinsu sukan maƙale, domin iska ta manne su da jigo. Daɓe ya zama kamar bango, mutum ba ya iya tsayuwa balle ja. Allon da ke juya jirgi a baya ya fara fita daga ruwa, mai riƙe da sitiyari yana murɗawa jirgi ba ya amsawa. Saboda haka a wannan sana'a ana yanke hukunci ne kafin iskar ta iso. Jami'in da ke kan aiki idonsa yana inda iska ke fitowa, yana neman baƙin layi a fuskar ruwa. Wannan layin ne tuddan tsibirin Wight suka ɓoye wa Eurydice.

Kada ka ɗauka wannan labarin ƙasashen sanyi ne kawai. Hadarin da kake gani a Samaru a Afrilu da Mayu, da kuma ƙarshen damina wajen Satumba da Oktoba, ka lura kusan kullum daga gabas yake tasowa. Gari ya yi tsit da zafi, ganye ba ya motsi, gabas ta yi baƙi, sai sanyin iska ya shafo ka, sai ƙura, sai ƙofofi su fara bugawa, ruwan kansa sai daga baya. Wannan hadari dogon layi ne da kan kai ɗaruruwan kilomita, yana tafiya yamma da gudun da ya kai na mota a cikin gari, ya ratsa ƙasashe har ya faɗa teku. Wasu daga manyan guguwoyin da ke afka wa Amurka daga irin wannan motsi na sararin Afirka ta Yamma suke samo asali. Ni na gamu da shi a teku ba sau ɗaya ba, a jirgin inji, kuma ko a nan sai an rufe ƙofofi an juya goshin jirgi ya fuskance shi.

Matuƙan Turawa na da sun san shi da kyau. Bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, daga 1808 ta girke rundunar jirage a gaɓar Afirka ta Yamma, da mazauni a Freetown ta Saliyo, don kama jiragen masu safarar mutane. Aikin na ƙananan jirage ne masu gudu, waɗanda za su iya bin mai laifi har bakin kogi. Zazzaɓi ya fi komai kashe mutanensu, amma hadarin gabas ma ya ci nasa. Jirgin Redwing ya tashi a 1827 ba a sake ganinsa ba. Jirgin Heron ya nutse a Mayun 1859 tsakanin tsibirin Ascension da Saliyo da yawancin mutanensa. Wani abin da zai ba ka sha'awa, Hugh Clapperton, Baturen nan da ya ratsa Zariya a 1826 kan hanyarsa ta zuwa Kano da Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, hafsan sojan ruwa ne, kuma jirgin yaƙi mai filafilai mai suna Brazen ne ya kawo shi gaɓar Badagiri.

Batun ƙanƙanta da ka tambaya yana da dalilai masu sauƙi. Ƙaramin jirgi bakinsa kusa da ruwa yake, igiyar ruwan da babba zai ratsa shi sai ta hau kansa. Aikinsa gudu ne, kai saƙo da bin sawu, don haka ana ɗora masa ƙyalle fiye da girmansa. Sannan ga igwa, ƙarfe mai nauyi, a saman daɓe, wanda ke ɗaga cibiyar nauyi sama, kamar motar da aka yi wa lodin buhuna har ya wuce kanta a hanyar Kano. A yaƙin Amurka da Ingila, jirage biyu na Amurka, Hamilton da Scourge, asalinsu na 'yan kasuwa ne aka ɗora musu igwa. Daren 8 ga Agusta 1813 suna tsaye a tafkin Ontariyo babu iska, filafilai a rataye, sai hadari ya faɗo musu, duka biyun suka kife, sama da mutum 50 suka mutu. A tafki fa, ba teku ba. An gano su a shekarun 1970 suna zaune a ƙasan ruwa da jigoginsu. Haka jirgin Somers na Amurka ya kife ranar 8 ga Disamba 1846 a gaɓar Veracruz ta Meziko yana cikin bin wani jirgi, da asarar sama da mutum 30.

Ingila ta ƙera wani samfurin ƙananan jirage masu igwa 10, sama da guda 100, waɗanda matuƙa suka yi wa laƙabi da akwatin gawa, domin kusan ɗaya cikin huɗu a teku suka ƙare. Amma Beagle, jirgin da ya zaga duniya da masanin halittu Charles Darwin daga 1831 zuwa 1836, ɗan wannan gida ne, kuma ya dawo lafiya. Kyaftinsa Robert FitzRoy ya taɓa shan wuya a 1829, da wata iskar bazata ta buge Beagle a gaɓar Kudancin Amurka ta tafi da mutum biyu, alhali na'urar auna nauyin iska ta riga ta nuna alama. Bai manta ba. Kafin babbar tafiyar ya sa aka ɗaga daɓen jirgin sama. A Janairun 1833, kusa da ƙarshen Kudancin Amurka, manyan igiyoyin ruwa suka kwantar da Beagle, ruwa ya cika saman daɓe, sai da aka buɗe ƙofofin shingen gefe ya zube sannan jirgin ya tashi. Ka lura da bambancin: ƙofar da ke sama tana fitar da ruwa, tagar da ke ƙasa tana shigo da shi. Wannan FitzRoy ɗin ne daga baya, bayan jirgin Royal Charter ya halaka da mutum sama da 400 a Oktoban 1859, ya fara aika gargaɗin guguwa zuwa tashoshin jiragen Ingila ta wayar tangaraho a 1861.

Yanzu laifin wa? Kotun soja da ta zauna ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Ta ce ƙarfin iska a kan filafilai ne, cikin hadarin da ya zo ba zato, wanda tudu ya ɓoye. Ni ba na son tuhumar mutumin da ya mutu a bakin aikinsa tare da yaransa, kuma na san dalilin buɗe tagogin: mutum ɗari uku suna kwana suna ci a ɗaki ɗaya na katako, in ba iska ciwo ne zai tashi. Amma in ka tambaye ni ra'ayina, abu uku bai kamata su haɗu a lokaci ɗaya ba: filafilai duka a buɗe, tagogin ƙasa a buɗe, da tudun da ya tare maka inda iska ke fitowa. Ko biyu daga ciki suka haɗu, jirgin yana da damar tsira. In ba ka ganin inda iska ke zuwa, sai ka biya kuɗin makantarka da rage ƙyalle ko rufe taga. Kuma na ga da idona yadda ganin gida ke sassauta mutane. Kwana 18 ana tsaro da ido buɗe, ranar ƙarshe kowa hankalinsa na kan wanke kaya da shirin sauka. Direbobinmu ma sun san haɗarin da ke faruwa bayan an wuce Jaji an fara hango Zariya. Jirgin kansa yana da nasa kaso, domin an zana shi don gudu da ƙwararrun matuƙa, sai aka cika shi da masu koyo.

Abin da ya sa biyu kaɗai suka rayu shi ne ya fi taɓa ni. Da yawa suna ciki, ruwa ya tare musu matakala. Waɗanda suka faɗa teku kuwa, ruwan Maris a can bai kai digiri 10 ba. Mutumin da ya faɗa irinsa numfashinsa ke fara ƙwacewa, bayan 'yan mintoci hannuwa su daina riƙo, ko da gwanin iyo ne, ga kaya masu nauyi a jiki. Matuƙan wancan zamani kuma da yawansu ba su iya iyo ba. An ɗago gawar jirgin a cikin shekarar aka farfasa shi.

Abin baƙin ciki, aka ɗauko wani tsohon jirgi mai kama da shi, aka sa masa suna Atalanta, ya gaje aikin. Ya baro Bamuda ranar 31 ga Janairu 1880 da mutum 281, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Jamus ma ta ɗanɗana. Ranar 26 ga Yuli 1932 jirgin horonsu Niobe yana tekun Baltik, ana zafi an buɗe tagogi da ƙofofi, ɗalibai da yawa suna ciki, iskar hadari ta kwantar da shi, cikin mintoci kaɗan ya nutse. Mutum 69 suka mutu, 40 suka tsira. Jirgin da suka ƙera a madadinsa a 1933, Gorch Fock, an zuba masa nauyi sosai a gindi don ya iya tashi ko ya kwanta ƙwarai. Har yau ƙasashe da dama suna horar da hafsoshin ruwa a jirage masu filafilai, domin babu inda matashi ke koyon karanta sama da dogara da ɗan'uwansa kamar can.

Ba zan ɓoye maka ba, duk lokacin da nake wannan bayani zuciyata tana kan kogin Kwara. Ka ji abin da ya faru kusa da Warra a jihar Kebbi a Mayun 2021, da na Patigi a jihar Kwara a Yunin 2023, inda sama da mutum 100 masu dawowa daga biki suka rasu. Allah ya jiƙansu. Jiragen ba su da filafili, kuma ba iska ce musabbabin kowane haɗari ba, amma lissafin ɗaya ne. Jirgin da aka loda har tazarar bakinsa da ruwa ba ta wuce taƙi guda ba, aka ɗora babura da buhuna a sama, fasinja suka miƙe tsaye suka koma gefe ɗaya don tsoro, ruwa yana yawo a ƙasansa ba a kwashe ba, wannan jirgi ya cinye duk rarar da zai tashi da ita tun kafin ya bar gaɓa. Abu kaɗan zai ƙarasa shi. Wannan aiki ne da ke jiran injiniyoyi irinku, ko da layin fenti ne a gefen jirgi da ke nuna iyakar lodi, da rigar da ke hana nutsewa ga kowane fasinja.

Ga aikin da zan ba ka. In damina ta kama, ranar da ka ga gabas ta haɗa, nemi wuri mai rufi inda kake hango dam ɗin Kubanni, kada ka tsaya a fili ko ƙarƙashin itace saboda tsawa. Riƙe agogo. Dubi fuskar ruwan, za ka ga inda ya canza launi ya yi duhu yana tahowa. Rubuta lokacin da sanyin farko ya taɓa fuskarka, ka rubuta lokacin da rassan itatuwa suka fara sunkuyawa. Yi haka sau huɗu ko biyar. Sannan ka auna tsawon lokacin da zai ɗauke ka ka hau bene hawa takwas da ƙafa, domin kusan nisan da yaron Eurydice zai hau ke nan a kan igiya kafin hannunsa ya taɓa ƙyallen sama. In ka zo gaishe da mahaifinka, ka biyo ta gidana da lambobin biyu mu duba tare.